'Yan daudu: Muna cin tuwonsu a tasha, muna korar su daga gida

Duk ɗan kasuwar da ya saba bin hanyar Garwa zuwa Yola ko Mubi, ko yake zarcewa Kano sarin kaya, ya san irin rumfar da za mu yi magana a kanta ko da ba a kwatanta masa ba. Tana bakin tasha ko bayan kasuwa, tukwane a jere a kan murhu, ga tuwon shinkafa, ga miyar taushe, ga soyayyen nama da farfesun kayan ciki. Mai abincin namiji ne, amma ya ɗaura zani a kan wandonsa, yana zuba miya yana karya wuya, bakinsa ba ya hutawa da habaici. Mukan zauna mu ci mu ƙoshi, mu yi dariya har da hawaye. Ranar da ciniki ya ƙi, ya ba mu bashi sai mun dawo. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, wannan mutumin ɗan gidan wa ne, kuma ta yaya aka yi ya baro garinsu?

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana wani labari ne da ya same mu a nan unguwar Rumde Ajiya. Idan mai karatu bai manta ba, a watan Janairun 2022 an buga wasannin cin kofin Afirka a filin ƙwallon unguwar nan, inda Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema, kafin daga baya Tunusiya ta fitar da ita a wannan fili. A kwanakin nan baƙi daga Adamawa sun cika gari maƙil, har wasu suka riƙa kwana a zaurukanmu. Cikinsu akwai wani Alhaji, abokin cinikinmu na atamfa, wanda ana cikin hira bayan sallar isha'i ya ce mana akwai wani mai abinci a wata tasha a can wajensu, da yake jin Fillancin Garwa kamar me, kuma duk lokacin da ya ji an ce mota ta fito daga Kamaru sai ya tambayi labarin unguwar nan, ya tambayi wata tsohuwa ko tana nan da rai. Da ya kwatanta mana kamanninsa sai zauren ya yi tsit, domin mun gane shi. Tare muka tashi.

Ba za mu faɗi sunansa ba, ba kuma za mu faɗi gidansu ba. Tun yana ƙarami ba ya son shiga cikinmu idan za mu je wanka Binuwai ko buga ƙwallon tsumma. Kullum yana gindin murhu wajen mahaifiyarsa, shi ne daka, shi ne tankaɗe, kafin ya kai shekara goma ya fi yayyensa mata iya tuƙa tuwo. Muryarsa siririya ce, idan yana magana hannunsa ma magana yake yi. Da farko matan gida dariya suke yi, suna aikensa, suna jin daɗin hannunsa a girki. Da ya fara girma sai dariyar ta koma tsegumi. Mu yara muka sa masa waƙa, muna bin sa da ita har ƙofar makarantar allo. Mahaifinsa ya yi duka har ya gaji, ya kai shi wajen masu rubutu, ya tura shi almajirci wani gari, ya dawo yadda ya tafi. Wata safiya, yana da kamar shekara goma sha shida, aka wayi gari ba ya nan. Kuma mu shaida ne, har ranar da ya bar unguwar nan babu wanda ya taɓa kama shi da wani aikin assha. Tafiyarsa da muryarsa kawai aka hukunta.

Da yawa daga cikinmu sukan ce wannan ɗabi'a baƙuwa ce, Turawa ne suka kawo ta ta hanyar finafinai da intanet. To amma kalmar kanta ta ƙaryata mu, domin Daudu ba Turancin Ingila ba ne, ba kuma Faransanci ba ne. Daudu kirarin Galadima ne a sarautar Hausa, kuma masana da dama, ciki har da Fremont Besmer da ya yi nazarin borin Kano ya fitar da littafi a 1983, sun danganta sunan da Ɗan Galadima, aljanin nan na bori da aka sani da ado da kyauta da caca. A wajen wasan bori 'yan daudu suna da gurbinsu, haka ma a gidajen biki, inda su ne kan girkin taro da raha. Sana'arsu ta yau da kullum kuwa ita ce sayar da abinci. Ba za mu ɓoye ba, wasu kan yi kawalci tsakanin mata masu zaman kansu da maza, kuma wannan yana daga cikin abin da ya ɓata musu suna a idon jama'a.

Wani Ba'amurke mai nazarin harshe, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya iya Hausa, kuma a 2009 ya fitar da littafi wanda ma'anar sunansa ita ce Allah ne Ya yi mu. Abin da ya gano ba zai ba tsofaffin 'yan tasha mamaki ba, amma zai ba matasanmu. Ya tarar da yawansu suna salla da azumi, suna burin sauke farali, wasu ma sun yi zaman neman kuɗi a Jidda. Da yawa suna da mata da 'ya'ya, kuma ba su ɗauki kansu a matsayin mata ba, cewa suke yi su maza ne masu yin abu kamar mata. Ya kuma nuna wani bambanci da muke yawan cakuɗawa. Ba kowane ɗan daudu ne yake neman maza ba, kuma ba kowane mai neman maza ne ɗan daudu ba. Akwai waɗanda a tsakaninsu ake kira masu harka, cikinsu har da masu babbar riga da rawani da muryar maza, waɗanda ba wanda zai taɓa nuna su da yatsa a kasuwa. Wanda ake gani shi ake jifa, wato talakan da ke bakin murhu.

Yaron da aka kora daga gida, ina yake nufa? Ba shi da jari, ba shi da takarda, ba kuma wanda zai tsaya masa wajen maigida a kasuwa. Ƙofa ɗaya ce a buɗe, ita ce rumfar wani babban ɗan daudu, wanda zai karɓe shi a matsayin 'ya, shi kuma yaron ya kira shi uwa. A nan zai fara da wanke-wanke da ɗebo ruwa da hura wuta, ya koyi awo da cefane da yadda ake riƙe mai saye da baki, har wata rana a kafa masa tasa tukunyar. Mu 'yan kasuwa mun san wannan tsari sarai, domin shi ne dai na yaro da ubangida da muka taso a ciki. Amma kada mu yi wa abin kwalliya. Yaro ɗan shekara sha biyar da ke kwana a tasha, ba uwa ba uba, nama ne a gaban kuraye. Akwai manyan banza da ke lalata irin waɗannan yara da 'yan kuɗi kaɗan, akwai ƙwaya, akwai ciwo. Uban da ya kori ɗansa don gudun abin kunya, sau da yawa shi ne da hannunsa ya miƙa shi ga abin da yake gudun.

A da ana zaune da su ne a kan wani irin kawaici, a ci abincinsu, a yi musu ba'a, a bar su. Wa'azin da ya ƙaru bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 ya matsa wa bori da duk abin da ke kewaye da shi. Daga nan sai Zamfara, a ƙarƙashin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, ta fara aiki da shari'ar Musulunci a Janairun 2000, wasu jihohi goma sha ɗaya na Arewa suka bi wannan hanya. A Kano da sauran garuruwa an rufe gidajen mata masu zaman kansu, 'yan daudu da yawa suka watse, wasu suka nufi Abuja, wasu suka tsallaka iyaka. A Maraɗi ma, a watan Nuwamban 2000, masu zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafin nan na FIMA da aka shirya a Yamai sun far wa mashaya da gidajen mata da na masu bori. Wani abin lura shi ne, a daidai wannan lokaci ne, a 2002, marigayi Rabilu Musa ya fito a fim ɗin Ibro Ɗan Daudu, muka yi ta sayen kaset ɗin muna dariya a shagunanmu, alhali waɗanda ake kwaikwayo suna neman inda za su ɓuya.

Tun daga nan kame bai tsaya ba. A watan Agustan 2007 an kama maza 18 a Bauchi bisa zargin shigar mata da shirya auren jinsi. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga mai shiga ƙungiyarsu ko tallafa mata. A 2022 wata kotun shari'a a Ningi ta yanke wa mutum uku hukuncin jefewa, sannan a Disambar shekarar Hukumar Hisba ta Kano ta kama mutum 19 a wani wajen taro. A Oktoban 2023 an kama mutum 76 a Gombe.

Wanda ya ɗauka tsallakowa Kamaru mafita ce, bai san dokar ƙasar nan ba. Tun 1972, zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, ɗan garin nan na Garwa, aka sa sashe na 347 bis a kundin hukunta laifuka, kuma da aka sabunta kundin a 2016 sai ya koma sashe na 347-1. Hukuncinsa ɗaurin wata shida zuwa shekara biyar, da tarar sefa dubu 20 zuwa dubu 200. A 2011 an ɗaure wani ɗalibi, Roger Mbédé, shekara uku saboda saƙon waya da ya aika wa wani namiji, ya kuma rasu a ƙauyensu a Janairun 2014. A 2021 wata kotu a Duwala ta yanke wa wasu biyu da aka fi sani da Shakiro da Patricia shekara biyar, bayan an kama su a gidan abinci sanye da kayan mata. Chadi ma ta sa nata hukuncin a kundinta na 2017. To sai dai a tsakiyar 2024 Brenda Biya, 'yar shugaban ƙasa, ta sa hotonta a Instagram tana sumbatar wata mace 'yar Brazil, aka yi ta surutu, amma ba a kai ta gaban alƙali ba. Mai karatu ya auna da kansa ko a wuyan wa igiyar ta fi zama.

Mu ma masu aikin jarida muna da namu kason. A farkon 2006 wasu jaridun Yawunde sun buga jerin sunayen manyan mutane da suka ce 'yan luwaɗi ne, ba hujja ba shaida, jaridu suka ƙare a hannun masu talla kafin azahar, aka bar iyalai da abin kunyar da ba su san hawa ba balle sauka. Wasu daga cikin waɗanda aka ambata sun kai ƙara sun yi nasara, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya shafi kowane ɗan kasuwa kai tsaye, ko yana da ɗan daudu a danginsa ko ba shi da shi. Inda zargi kaɗai ya isa ya kashe mutum a tsaye, zargin kan zama haja. Ƙungiyar Human Rights Watch, a rahoton da ta fitar kan Najeriya a 2016, ta kawo labaran yadda ake amfani da dokar 2014 wajen tatsar kuɗi da duka da tozarta mutane. 'Yan damfara kan ja mutum da hira a waya, su kira shi wani ɗaki, su ɗauki hotonsa, daga nan sai ya riƙa biya kamar mai biyan haya. Kuma ba sai mai laifi abin ke samu ba. Abokin hamayya a layin kasuwa, ko yaron shago da aka sallama, ko wanda ake bi bashi, kowannensu ya san kalma ɗaya da zai jefa a Kasuwar Pitowa ranar Lahadi, kafin la'asar ta isa Garwa. Ga kuma maganar lafiya. Wani bincike da aka yi a Abuja, aka buga a mujallar likitoci ta Lancet HIV a 2015, ya nuna bayan dokar tsoron zuwa asibiti ya ƙaru a tsakanin maza masu neman maza. Tunda da yawansu magidanta ne, ciwon da aka ƙi kai wa likita gida yake komawa, wajen matar da ba ta san komai ba.

Ba mu zo yin fatawa ba, wannan aikin malamai ne, kuma babu Musulmin da ke jayayya cewa aikin mutanen Annabi Luɗu haramun ne. Amma littattafan da muka karanta a zaure sun fi mu natsuwa a kan wannan magana. Hadisi ya zo da la'antar namiji mai kwaikwayon mata da mace mai kwaikwayon maza. Duk da haka Imam Nawawi, mai Arba'una Hadisin da yaranmu ke haddacewa, ya bayyana a sharhinsa na Sahihu Muslim cewa irin waɗannan mutane kashi biyu ne. Akwai wanda haka aka halicce shi, bai ƙirƙiri tafiyar ko muryar ba, wannan ba zargi ba zunubi a kansa. Akwai kuma mai yi da gangan, shi ne abin zargi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ba makarantar ilimin da ba a karanta ta a ƙasar Hausa da Adamawa, ta kawo hukunci mai tsanani a kan aikin kansa, amma hukuncin yana hannun alƙali, bayan iƙirari ko shaidu huɗu. Ita dai wannan Risalar ta ce wanda ya kira wani da sunan ɗan luwaɗi, shi za a yi wa haddi, wato bulala tamanin ta ƙazafi. Suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin asirin mutane. Da za a yi aiki da wannan babi a kasuwanninmu, da bayan mutane da yawa ya sha bulala, har da namu da muka yi wa yaron nan waƙa.

Ba mu kaɗai ne muke da irin waɗannan mutane ba, kuma ba mu kaɗai ne kawaicinmu ya juye ya zama kora ba. A Senegal akwai waɗanda Wolof ke kira goor-jigeen, wato namiji-mace, su ma da can su ne kan hidimar bukukuwan manyan mata, yau kuwa sunan zagi ne. Amma labarin da ya fi jan hankalinmu shi ne na 'yan asalin Amurka da Kanada, waɗanda muka saba gani a finafinan kaboyi muna kiran su Indiyawan daji. Ƙabilu da yawa a cikinsu suna da suna na musamman da aiki na musamman ga yaron da ya tashi tsakanin ɗabi'ar maza da ta mata. Navajo na cewa nadleehi, Lakota na cewa winkte. A ƙabilar Zuni an yi wani mai suna We'wha, namiji mai shigar mata, gwanin saƙa da ginin tukwane, masanin al'adun mutanensa, wanda a 1886 ya je birnin Washington har ya gana da Shugaba Grover Cleveland. Daga baya gwamnati da 'yan mishan suka riƙa kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kwana, a aske musu gashi, a hana su harshensu. A Kanada kaɗai yara kusan dubu 150 suka bi ta waɗannan makarantu, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe ta ƙarshe. Waɗanda suka fito sun dawo gida suna jin kunyar abin da kakanninsu ba su ji kunyarsa ba, suka shiga korar 'ya'yansu zuwa titunan manyan birane. A 1990, a wani taro a birnin Winnipeg, jikokin suka zaɓar wa kansu sabon suna mai ma'anar mai ruhi biyu, don su tuna wa danginsu cewa su ba baƙi ba ne.

Ba muna cewa nasu da namu ɗaya ba ne. Addininsu daban, tarihinsu daban, kuma ɗan daudun tasha bai taɓa samun girman da We'wha ya samu ba, ko a zamanin da aka fi yi masa kawaici. Shi kansa ba zai gane kansa a cikin sunayen da ƙungiyoyin Turai ke yayatawa ba, kuma surutun da suke yi daga nesa wani lokaci ƙara masa zafi yake yi. Inda labaran biyu suka haɗu shi ne a kan yaron, wanda bai san Winnipeg ba, bai san sashe na 347-1 ba, abin da ya sani kawai shi ne tun yana shekara bakwai ake dariya idan ya buɗe baki.

Da gari ya waye muka raka Alhajin gidan tsohuwar. Mahaifin ya rasu shekaru da suka wuce, kuma ɗan bai samu labari ba sai bayan an yi sadakar arba'in. Muka gaisa, muka ce Inna, ga baƙo daga Najeriya da saƙon gaisuwa. Da yake ɗan farinta ne, ba ta ambaci sunansa ba, kamar yadda ba ta taɓa ambata ba tun yana cikin tsumma. Ta dai sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi, ta tambayi Alhaji ko yaron nan yana da lafiya, ko yana salla, ko ya yi iyali. Alhaji ya ce lafiyarsa ƙalau, kuma ya sha ganin ya bar tukunya a hannun yaransa ya tafi masallacin tasha, amma maganar iyali bai sani ba. Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da ƙullin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ta ce a kai masa, wai na can ba su kai na gida ƙamshi ba.

Tun daga lokacin, duk sa'ad da Alhaji ya shigo da kaya yakan zo da 'yar ambulan, wani lokaci da turmin atamfa, mu kuma mu miƙa. Ƙannensa maza sun san daga inda kuɗin ke fitowa, da su aka gyara rufin ɗakin tsohuwar kafin damina, amma har yau babu wanda ya ce a gaya masa ya zo gida. Shi ma bai tambaya ba. A zuwan Alhaji na baya-bayan nan ya ce mutumin ya sake aiko da tambaya ɗaya, wai ko bishiyar dalbejiyar da ke ƙofar gidansu tana nan, ko an sare ta lokacin gyaran titin filin ƙwallo.